Ruwan da ke kwance a gwiwar bututu: me ya sa sabon bandaki ke wari, kuma yaya ake gyara shi?

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce na je gida Gwiwa, aka sauke ni a sabon sashen da kawuna ya gina. Ɗaki ne mai bandaki a ciki, an manna tayil har bango, ga shawa, ga wurin wanke hannu, har da dogon bahon wanka irin wanda mutum ke miƙe ƙafa a ciki, wanda babban ɗansa ya sayo a Kano. Tun bayan Babbar Sallah babu wanda ya kwana a ɗakin. Ana buɗe ƙofa wari ya tare mu, irin na ruɓaɓɓen ƙwai gauraye da na kwata. Matar kawu, wadda muke kira Inna, ta ce ta wanke bandakin nan da Izal ya fi sau biyar, ta turara shi da turaren wuta, an ɗaga katifa ko ɓera ne ya mutu, har silin an leƙa. Babu komai. Abin ya dame ta ƙwarai, domin mace ce mai tsafta, kuma gani take warin nan kamar zargi ne a kanta.

Na ɗauki buta na cika ta da ruwa, na juye a magudanar da ke ƙasan bandakin, na sake cikawa na juye a ramin bahon, na ƙara wata a wurin wanke hannu. Na buɗe taga na fita. Kafin sallar Isha'i warin ya tafi.

"Kai ɗan nan, wane magani ka zuba?" in ji Kawu.

"Ruwa ne kawai, Kawu."

"Ruwan me?"

"Ruwan buta, Allah ya ja kwana."

Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kwana biyu bayan haka warin ya dawo ta wajen bahon shi kaɗai, wannan kuma ya kai mu ga fasa tayil. Zan dawo kan wannan, amma sai mun fara da abin da butar ta yi.

Ƙofar da aka yi da ruwa

Duk wata magudana da aka yi yadda ya kamata, ta baho ce, ta shawa, ta kicin ko ta masai mai ruwa, akwai wuri a ƙarƙashinta da bututun yake nutsawa ƙasa, ya lanƙwashe, ya sake tasowa sama kafin ya kama hanya. Kamar gwiwar mutum a durƙushe, kuma a matsayina na ɗan Gwiwa ba zan bar wannan kwatancen ya wuce ni ba. Sunansa a Turanci na nufin tarko, shi ya sa za ka ji wasu masu aikin famfo na cewa "tiraf". Ni zan kira shi tarkon ruwa. Idan ka zubar da ruwan wanka, mafi yawansa ya wuce, amma na ƙarshe ba ya iya hawa tudun lanƙwasar, sai ya kwanta a ciki ya cike faɗin bututun kaf. A bututun baho, ruwan da ke kwance ɗin bai fi kofin shayi guda ba. Shi ne ƙofar. Ruwa daga sama yana ture shi ya maye gurbinsa, amma iska daga ƙasa ba ta da hanyar wucewa.

Dabarar tsohuwa ce. A shekarar 1775 wani mai gyaran agogo ɗan Sikotilan da ke zaune a Landan, Alexander Cumming, ya yi wa wani masai mai amfani da ruwa rajista, wanda ke da bututu mai lanƙwasa irin ta harafin S a ƙarƙashinsa. A wancan zamani likitocin Turai sun yi imani cewa wari da kansa ne ke kawo annoba. Ba su yi daidai ba, sai a ƙarni na 19 aka tabbatar da cewa ƙananan halittu ne ke haddasa cututtuka irin su kwalara, kuma ta ruwan sha take bi. Amma tsoron warin ya bar mana wannan gwiwa, wadda har yau ba a sami abin da ya fi ta sauƙi ba: babu inji, babu batir, babu wani abu mai motsi da zai lalace.

Me ya sa kakanninmu ba su buƙace ta ba? Saboda tsarin gidan Bahaushe ya riga ya warware matsalar ta wata hanya. Makewayi yana can ƙuryar gida, nesa da ɗakin kwana, sau da yawa ba rufi a kansa. Ruwan wanka ya bi rariya ya fita waje, rana ta busar da shi, iska ta kwashe abin da ya rage. Yanzu kuwa daga Kazaure zuwa Roni zuwa Ɓaɓura, duk wanda Allah ya hore wa ɗan hali yana son bandaki a cikin ɗaki. A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili, a duk ƙananan hukumominta 27, kuma ginin bandakuna ya ƙaru a ƙauyuka da garuruwa. Abin farin ciki ne. Sai dai wanda ya sa bandaki a ɗakinsa ya tuna abu guda: ya shimfiɗa bututu kai tsaye daga ramin sokawe zuwa gefen gadonsa. Abin da ya raba su shi ne ruwan kofin nan.

Abin da ke ɗaya ɓangaren

A cikin sokawe babu isasshiyar iskar oksijin, don haka bakteriyar da ke rayuwa ba tare da ita ba su ke cin ƙazantar, suna fitar da iskoki. Akwai mitan, wadda ba ta da wari ko kaɗan amma tana kama wuta idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri. Akwai amoniya, mai zarnin fitsari. Sai haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ita ce ta tare mu a ƙofar ɗakin Kawu. Hancin ɗan Adam yana jin ta tun ba ta kai kashi 1 cikin miliyan ba, kuma wannan rahama ce, domin tana sanar da kai tun da wuri. Makircinta shi ne idan ta yi yawa, wajen kashi 100 cikin miliyan, sai ta kashe jijiyar jin ƙamshi, mutum ya ɗauka warin ya tafi alhali ƙaruwa ya yi. Idan ta kai ɗaruruwa da yawa cikin miliyan tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci.

Kada in tsorata ka fiye da kima. Abin da ke shigowa ɗaki ta busasshiyar magudana da wuya ya kai wannan matsayi. Yawanci ciwon kai ne, tashin zuciya, da rashin jin daɗin barci. Amma cikin ramin kansa wani labari ne. Iskar ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasan rami. Shi ya sa muke yawan jin an ce mutum ya shiga sokawe ɗauko waya ko yashe rami ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto shi ma ya faɗi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa aiki ne na cikin bandaki. Ba a shiga rami, ba a zura kai ciki, kuma ba a haska shi da ashana.

Bayan iska akwai masu ƙafafu da fukafukai. Kyankyaso na son bututun kwata, ga duhu ga laima ga abinci, kuma da dare yana fitowa ya bi ta kan kwanuka da abin da ya taka a ƙasa. Akwai sauron Culex, wanda ya fi son ruwa mai ƙazanta irin na sokawe. Ba shi ne mai kawo zazzaɓin maleriya ba, wancan Anopheles ne kuma ya fi son ruwa mai ɗan tsabta irin na kududdufin damina. Amma idan ka ga sauro ya addabi ɗaki a tsakiyar rani, ga raga a taga, to ka duba magudanar bandaki.

Shin cuta na iya biyo iskar? A nan ne misali mafi girma ya zo daga nesa. A watan Maris na 2003, lokacin annobar SARS, wani mai ɗauke da cutar, yana fama da gudawa, ya ziyarci ɗan'uwansa a rukunin dogayen benaye na Amoy Gardens a Hong Kong. Cikin 'yan makonni sama da mutum 300 suka kamu a rukunin, 42 suka rasu, kuma masu cutar sun fi yawa a gidajen da ke jere sama da ƙasa a kan bututun kwata guda. Da hukumomin Hong Kong da Hukumar Lafiya ta Duniya suka bincika, sun tarar da tarkunan magudanun ƙasan bandakuna da yawa a bushe, saboda mazauna gidajen goge ƙasa suke yi da tsumma, ba sa kwara ruwa. Fankar da ke zuƙe iska daga bandaki kuma, idan an rufe ƙofa, sai ta riƙa jawo iskar bututu zuwa ciki tare da ƙananan ɗigo masu ɗauke da ƙwayar cutar. Har yau hukumar lafiyar Hong Kong na shawartar mutane su zuba rabin lita na ruwa a kowace magudana sau ɗaya a mako. Gidan ƙasa mai sokawensa shi kaɗai a Gwiwa ba daidai yake da bene mai hawa talatin ba, na yarda. Amma ɗakunan kwanan ɗalibai, asibitoci, otal-otal da benayen haya na Kano da Katsina duk bututu guda suke rabawa.

Yadda ruwan ke gudu

A ɗakin Kawu dalili na farko a fili yake: bushewa. Zurfin ruwan da ke rufe hanya a tarko mai kyau milimita 50 ne zuwa 75, wato inci 2 zuwa 3. A ƙasashen da aka rubuta waɗannan ƙa'idoji iska na da laima. A wurinmu, lokacin hunturu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, sannan bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, tarko na asarar milimita 1 a rana: kwana 50 ya ƙare. Idan 2 ne, kwana 25. Ɗakin da aka rufe wata shida ba ya buƙatar lissafi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne irin ƙananan magudanun ƙasa da suka cika kasuwa, masu ɗan ƙoƙo a kife a ƙarƙashin murfi. Ƙoƙon shi ne tarkon, kuma ruwan da yake riƙewa sau da yawa bai wuce faɗin yatsa ba, 'yan kwanaki ya bushe. Sannan da yake yana rage gudun ruwa, mutane kan cire shi su jefar, suna zaton wani tarkace ne da kamfani ya manta a ciki. Idan an cire shi, abin da ya rage rami ne kawai mai murfin ado.

Dalili na biyu ya fi ban sha'awa ga mai son kimiyya. Ka taɓa ganin direba yana zuƙo fetur daga tanki da tiyo? Da zarar man ya fara gangarowa, nauyinsa ne ke ci gaba da jawo na bayansa. Haka ke faruwa idan aka cire toshiyar baho cike da ruwa: bututun ya cika maƙil, ruwan da ke gudu ƙasa ya bar ƙarancin iska a bayansa, sai ya tsotse har da wanda ya kamata ya zauna a gwiwa. Kuma ba ƙarfi mai yawa ake buƙata ba. Nauyin iskar sararin da ke kanmu na iya riƙe ginshiƙin ruwa mai tsawon wajen mita 10. Ruwan tarko milimita 50 ne, wato matsin faskal 490 ko kusa da haka, kashi 1 cikin 200 na wancan. Ɗan bambancin matsi kaɗan ya isa ya kwashe shi. Alamar ita ce ƙarar "ƙululu" da za ka ji a ƙarshen zubar ruwa, ko ka ji magudanar ƙasa na gurnani lokacin da aka kora masai.

Maganin wannan shi ne dogon bututun nan da kake gani a jikin bango yana hawa har ya wuce rufin gida, wanda mutane da yawa ke ɗauka na fitar da wari ne kawai. Yana fitar da wari, amma kuma yana shigo da iska ta cike gurbin da ruwa ya bari, don kada a tsotse tarko. Bakinsa na buƙatar raga saboda sauro, kuma a riƙa duba shi, domin tsuntsaye da zanzaro na son gina gida a ciki. Saboda wannan tsotsar ne ma ƙa'idojin gini na ƙasashe da dama suka daina yarda da tarko mai siffar S, wanda ke juyawa ya gangara ƙasa tsaye, suka koma mai siffar P, wanda bayan gwiwar yake miƙewa a kwance.

Akwai kuma ɓarawon da ba a zargi. Gashi, zaren soso ko guntun tsumma ya maƙale, kansa ɗaya a cikin ruwan, ɗayan ya rataya ta bayan tudun lanƙwasar. Sai ya zama lagwani, yana jan ruwa ɗigo-ɗigo yadda lagwanin fitila ke jan kananzir. Sauran dalilan ba sa buƙatar dogon bayani: tarko ya tsage, ko robar mahaɗinsa ta bushe yana yoyo, ko kuma tun farko ba a sa shi ba, an haɗa gwiwa guda aka wuce don a rage kuɗin kaya.

Gwajin yana da sauƙi. Haska tocila a cikin magudana: ya kamata ka ga ruwa yana ƙyalli. Zura ɗan tsinke ka ga zurfinsa. Sannan ka riƙe siririyar takarda a bakin ramin, ko ka kunna turaren tsinke kusa da shi. Idan takardar na kaɗawa ko hayaƙin na karkacewa, iska na wucewa. Zuba ruwa, ka dawo gobe ba tare da an yi amfani da wurin ba. Idan ruwan na nan, bushewa ce. Idan ya ɓace a kwana ɗaya ko biyu, rana ba ta da wannan saurin, akwai wani abu.

Kula da shi

Yawancin aikin buta ce: duk magudanar da ba a amfani da ita a zuba mata ruwa mako-mako. Idan za a rufe ɗaki na watanni, a cika tarkon, a ɗora cokali guda na mai a kansa don ya rage bushewa, sannan a toshe bakin. Man girki na yi, ko da yake yana ɗan sauya wari idan ya daɗe. Baƙin mai da kananzir kuwa a'a, domin ƙarshensu cikin ƙasa ne, ƙasar da rijiyar maƙwabci ke sha daga gare ta. Leda mai kauri da aka cika da ruwa aka ɗaure aka ɗora a kan magudanar ƙasa tana rufe ta sosai.

Toshewa kuma a wurinmu tana da nata salo. A littattafan ƙasashen waje gashi da sabulu ake magana. Mu muna da ƙari: yashi. Ƙafafun yara, ƙurar hunturu, wankin da ake yi a cikin baho, duk suna kawo shi, kuma da yake ya fi ruwa nauyi sai ya kwanta daidai a ƙasan gwiwa. Idan ruwan burtsatsen na ɗauke da kalsiyam da yawa, irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, sabulun na haɗuwa da shi ya zama wani farin danƙo da ke manne gashi da yashi wuri guda. Babu sinadarin da ake sayarwa a kanti da zai narkar da yashi. Dole a ciro shi ko a kora shi da ruwa mai ƙarfi. Don haka a fara da hannu: cire murfi, lanƙwasa bakin waya ta zama ƙugiya, jawo gashin. Sai robar nan mai sanda da ake dannawa. A baho, a toshe ramin sama na ambaliya da jiƙaƙƙen tsumma tukuna, in ba haka ba duk ƙarfin da ka danna ta can zai fice. Bayan nan bokiti guda a juye lokaci ɗaya, ba a hankali ba.

Game da sinadarai, ga ra'ayina: a bar su sai dole. Sodar da mata ke yin sabulu da ita tana narkar da maiƙo da gashi da gaske, amma tana fitar da zafi sosai idan ta haɗu da ruwa, tana ƙona fata, ɗigo guda a ido na iya makantar da mutum. Idan kuma ba ta buɗe hanyar ba, ka bar wa mai gyara tarko cike da abin da zai ƙona masa hannu. Tafasasshen ruwa ma ba abokin bututun PVC ba ne, wanda ba a yi shi don ruwan da ya wuce digiri 60 ba. Ruwan ɗumi ya isa. Ruwan batir kada a kusanto da shi. Abin da ya fi haɗari, kuma na sha gani a gidaje, shi ne haɗa magunguna biyu wai don su ƙara ƙarfi. Bilic irin Hypo idan ya haɗu da abin wanke masai mai asid, irin Harpic, yana fitar da iskar kulorin, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Farko. A ƙaramin bandaki mai rufaffiyar ƙofa, wannan na iya kai mutum asibiti. Kowanne da amfaninsa, amma ba a rana ɗaya a rami ɗaya ba sai an kora na farko da ruwa mai yawa. Shawarar da ke yawo a TikTok ta haɗa bakin-soda da ruwan khal kuwa, kumfar na da kyan kallo, amma junansu suke kashewa, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne.

Idan sai an canza

Mu koma bahon Kawu. Ruwansa na ɓacewa a kwana biyu, waya ba ta fito da gashi ba, kuma tayil ɗin gindin bahon akwai wani layi da ba ya bushewa. Yoyo ke nan. Matsalar ita ce an kewaye bahon da bulo an manna tayil ko'ina, ba a bar ko ƙofar ɓera ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi tsada, kuma kusan kowane baho da na gani a yankinmu haka aka yi masa. Tarkon wurin wanke hannu a fili yake, ka sa bokiti a ƙasa, ka kwance kofinsa da hannu, ka wanke ka mayar, minti biyar. Na baho kuwa sai da muka kira mai aikin famfo daga Kazaure, ya yanke tayil biyu a gefen da ramin yake, ya cire bulo guda. Muka haska: tarkon na nan, amma an ɗaure goron robarsa a karkace har ya tsage, kuma ƙasar da ke ƙarƙashin bahon ta jiƙe ta yi baƙi. Da an bar shi shekara biyu, da gindin bangon ya fara cin gishiri yana zubar da fenti.

Aikin kansa ba shi da wuya ga mai ɗan sabo da kayan aiki. A sa safar hannu, a shimfiɗa tsumma da faranti mai zurfi a ƙasa. Goro biyu ne, ɗaya a wuyan ramin baho, ɗaya a bututun da ke fita. A kwance su da hannu, in sun ƙi a taimaka da filaya a hankali. Idan da gam aka haɗa, babu kwancewa, sai a yanke da zarto a bar isasshen bututu da za a ɗora sabon mahaɗi. Da an cire tsohon a cusa tsumma a bakin bututun fita, domin a lokacin babu komai tsakaninka da sokawe. Kada a manta a cire tsumman nan kafin a haɗa, ya taɓa faruwa.

A tafi da tsohon kasuwa, ko shagon kayan famfo a Kazaure ko Ƙofar Ruwa a Kano, kada a dogara da ido. Na wurin wanke hannu yawanci milimita 32 ne, na baho 40, wato inci ɗaya da rabi, na magudanar ƙasa 50, wanda ake kira inci biyu, kuma na kamfanoni daban-daban ba koyaushe suke shiga juna ba ko da sunan awon ɗaya ne. A zaɓi mai zurfin ruwa, ba mai faɗi kamar faranti ba, muddin akwai wuri a ƙarƙashin bahon. A sayi sababbin robobin mahaɗi. Tsohuwar roba ta riga ta ɗauki siffar tsohon wuri.

Wajen haɗawa, a jera komai ba tare da ɗaurewa ba tukuna a ga ya zauna ba tilas. Goro ya fara shiga bututu, sannan robar, sirantaccen bakinta na kallon cikin mahaɗi. A ɗaure da hannu har ya tsaya, a ƙara ɗan kaɗan, shi ke nan. Ƙarfin sifana ne ke tsaga roba. Bututun fita ya gangara kimanin santimita 2 a kowace mita. Idan ya kwanta ɗaɓas yashi zai zauna, idan ya yi tsaye da yawa zai riƙa tsotse tarkon. Kuma kada a sa tarko biyu a jere a layi ɗaya da sunan ƙarin kariya, iska ce za ta maƙale a tsakaninsu ruwa ya ƙi tafiya. Ramin ambaliya na saman baho ya haɗe a saman tarkon, ba bayansa ba, in ba haka ba ka rufe ƙofa ka bar taga.

Gwaji: a shimfiɗa busasshiyar jarida a ƙasa, a cika bahon har ruwa ya fara shiga ramin ambaliya, a saki gaba ɗaya, a saurara ko za a ji ƙululu, a shafa kowane mahaɗi da busasshen yatsa. A bar wurin a buɗe kwana biyu ana wanka kafin a rufe. Magudanar ƙasa da aka binne a siminti ba tare da tarko ba, ita sai an fasa, ko kuma a sa tarkon a waje inda bututun ya fito daga bango, wanda ya fi arha kuma ya fi sauƙin yashewa. Akwai kuma 'yan robobi masu buɗewa idan ruwa ya zo su rufe idan ya wuce, da ake cusawa a bakin magudana. Suna taimakawa a ɗakin da ake daɗewa ba a shiga, amma yashi ko gashi na hana su rufuwa sosai, sai ana dubawa.

Inda muka yi ja-in-ja da Kawu shi ne wajen rufewa. Shi yana son a mayar da bulo da tayil yadda suke, don kada ɗansa ya zo ya ga an ɓata masa baho. Na ce, "Kawu, robar nan da aka sa yau, wata rana za ta sake bushewa. Ranar kuma sai a sake fasawa?" Ya yi shiru, sannan ya tambayi mai aikin nawa ne kuɗin tayil biyu da bulo da siminti da aiki. Da ya ji, sai ya sa kafinta ya yi ɗan murfin katako, aka manna masa tayil ɗin da ya rage daga gini, aka kafa shi da kusoshi huɗu masu murɗawa. In ba ka durƙusa ba ba za ka gane wurin ba. Inna kuma ta ɗora wa autarta aikin butar, duk ranar Juma'a da safe, rami uku.